Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Kira ga Mata Masu Neman Digirin Digirgir



Shugaban reshe, iyayenmu, 'yan uwana malamai na Gusau da Tsafe da Bunguɗu, ina gaishe ku. Ni malamar firamare ce, karatuna bai wuce kwalejin ilimi ba. Amma a cikin 'yan matan da suka koyi baƙi a hannunmu, akwai waɗanda yau suke neman digirin digirgir a Sakkwato da Zariya da Kano. Da su nake magana, ku kuma ku zama shaida.

Ku tuna shekarar 2010, lokacin da gubar dalma ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A cikin gidaje ake daka duwatsun zinariya, ƙurar ta bi ƙasar da yara ke rarrafe a kanta. Likitocin ƙungiyar MSF sun ba da magani, amma magani ba ya amfani idan yaro zai koma cikin ƙurar. Sai da masana muhalli suka kwashe gurɓatacciyar ƙasar, sarakuna da malamai kuma suka shawo kan jama'a a fitar da aikin daga gida. Babu fannin da ya isa shi kaɗai. Kuma tsakar gidan da abin ya faru wuri ne da mace ke shiga da sallama kawai, namiji baƙo kuwa iyakarsa zaure.

To, haka matsalolin ajinmu suke. Yarinyar da ta daina zuwa makaranta, yunwa ce ta hana ta, ko talla, ko tsoron hanya, ko kuwa ba ta gane harshen da ake koyar da ita? Sau da yawa duka ne. Mai nazarin lafiya za ta ga ɗaya, mai nazarin harshe ta ga ɗaya, mai tattalin arziki ta ga ɗaya. Idan kowacce ta rufe ƙofa ta rubuta kundinta, sai a sami kundaye uku a kabad, yarinya kuwa tana nan da farantin talla.

Haɗa kai ba baƙon abu ba ne a gare mu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ba ta tsare iliminta a ɗaki ba. Ta horar da jajoji, su kuma suka kai shi ga matan ƙauyuka ta hanyar 'Yan Taru.

Roƙona uku ne. Na farko, 'ya'yanmu masu bincike su riƙa zama tare duk hutun zango, kowacce ta bayyana aikinta da Hausar da 'yar uwarta za ta gane. Muna da Jami'ar Tarayya da Kwalejin Ilimi ta mata a Gusau, ga Kwalejin Kimiyyar Lafiya a Tsafe. Wurin zama ba zai gagara ba. Na biyu, mu malamai mu buɗe musu azuzuwanmu, mu gaya musu gaskiyar abin da muke gani kullum. Na uku, mazaje da iyaye ku yi haƙuri da su. Mai goyo da girki da bincike ba ta da lokacin ɓatawa, sa'a biyu da za ku ɗauke mata ɗawainiya sadaka ce mai gudana.

Allah Ya sa ilimin da suke nema ya dawo ya amfani yaran da suka bari a gida.