ZINARIYA DA AZURFA: ARZIKIN DA KE ƘARƘASHIN GONAKINKU

Ya ku iyayenmu, malamai, manoma, mata da samari, ku ba ni aron kunnuwanku.

Allah ya binne dukiya a ƙasar nan tamu. Akwai zinariya a Anka da Maru da Bukkuyum, akwai ta a Birnin Gwari da Yawuri. Ita kuwa azurfa, tare da dalma ake samunta, kamar a Zurak ta ƙasar Wase. Tun zamanin Turawa ake haƙar zinariyar nan ana fita da ita. To jama'a, ina rabon talaka?

Ku tuna da shekarar 1 ta masifa, wato 2010. A Dareta da Abare da Yargalma da Bagega, mutane sun riƙa kawo duwatsun zinariya cikin gida suna dakawa suna niƙawa. Ashe dutsen cike yake da gubar dalma. Ƙura ta shiga abinci da ruwa, yara fiye da 400 suka rasu. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙasar Rafi ta Jihar Neja. A 2019 kuma Gwamnatin Tarayya ta hana haƙa a Zamfara saboda 'yan bindiga, sai a Disamban 2024 aka ɗage hanin. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Haƙar ma'adinai tana da ƙa'ida. Da farko masana duwatsu ne ke zuwa, su ɗebi ƙasa da yashin rafi su gwada. In sun ga alama, sai a kawo injin ya huda ƙasa can ƙasa, a ciro dutse a auna giram nawa na zinariya ke cikin tan guda. Sai lissafi ya nuna akwai riba, sannan a buɗe mahaƙa. Aikin nan yakan ci shekaru. Haka aka bi a Segilola ta Jihar Osun, har ta fara fitar da zinariya a 2021.

Kuma kuna da haƙƙi. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce kamfani ba zai fara haƙa ba sai ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da mutanen wurin, kuma dole ya biya diyyar gona da amfanin da ya ɓata. Tsarin mulkin 1999 ya ba jihar da aka haƙi arziki a cikinta aƙalla kashi 13 cikin 100 na kuɗin. Doka tana nan, mai tsaya mata ne babu.

In kun zaɓi jam'iyyarmu, ga alkawarinmu:

1. Za a karanta yarjejeniya da Hausa a ƙofar fadar dagaci kafin kowa ya sa hannu.

2. Za mu haɗa ƙananan masu haƙa cikin ƙungiyoyin gama kai, su sami lasisi da wurin sayarwa da farashin gaskiya.

3. Wurin niƙa dutse zai koma bayan gari, a riƙa jiƙa shi da ruwa don kashe ƙura.

4. Za a riƙa auna jinin yara kyauta a asibitocin yankin.

5. 'Ya'yanku ne za a fara ɗauka aiki.

Jama'a, kada wani ya saye ku da atamfa da sabulu. Ku adana katinku, ranar zaɓe ku fito da sassafe, maza da mata, ku jefa mana ƙuri'a. Allah ya ba mu sa'a, amin.