Zaɓen Mashawarta a kan Aikin Gona: Jawabi ga Hakimai da Malamansu a Ƙasar Rano

Na san waɗansunku sun taso tun daga Rurum, waɗansu daga Tarai da Durba, saboda haka ba zan ja ku da nisa ba. Magana ɗaya ce ta kawo ni, watau takardar nan da takan zo ofishin hakimi daga jami'a ko daga ofishin gona, a ce ana bukatar sunayen mutum kaza waɗanda za su zauna a kwamitin ba da shawara, ko kuwa a nuna manomin da za a kafa gonar gwaji a wurinsa. Takarda ce ƙarama, sau da yawa ma a tsaye ake amsa ta. Amma tun da aka rushe En'e a 1976, aka kuma soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, cikin ayyukan da suka rage a hannun hakimi kaɗan ne suka fi ta nauyi a ganina.

Bari in fara da inda takardar take fitowa. An kafa gidan binciken aikin gona a Samaru, kusa da Zariya, a 1922. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sai aka sa shi a ƙarƙashinta. A 1963 Ma'aikatar Gona ta Jihar Arewa ta kafa wani sashe a can Samaru, aikinsa shi ne ya ɗauki abin da masu bincike suka gano ya kai wa malaman gona cikin maganar da za su gane. Bayan an raba Arewa jiha-jiha sashen ya koma hannun jami'a, a 1987 kuwa aka ba shi aikin ƙasa baki ɗaya, shi ne ake kira NAERLS. Irin gyaɗa da masara da dawa da wake da kuke jin sunansu ya fara da "Sam", kamar Samnut da Sammaz, duk sunan Samaru ne suka ɗauko. A nan kusa da mu kuma Samaru tana da tashar gwajin noman rani a Kadawa, wadda take shan ruwan madatsar Tiga da aka gama a 1974. Jami'ar Bayero ita ma tana da tsangayar aikin gona, ta kuma buɗe Cibiyar Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa a 2012.

Jami'a ba ta da ma'aikatan da za su shiga kowane ƙauye. Wannan aikin hukumar gona ta jiha ne, watau KNARDA, kuma kun san hedkwatar shiyyarta ta ɗaya a nan Rano take. To, ilimi yana gangarowa ne daga mai bincike zuwa ofishin shiyya, daga nan zuwa malamin gona, daga shi sai manomi. Hanyar gangarowa a share take. Hanyar komawa sama, wadda amsar manomi za ta bi ta isa kunnen mai bincike, ita ce take yawan toshewa, kuma dominta ake kafa kwamitocin nan.

Don ku ga abin da toshewarta take jawowa, ga labarin auduga. Shekara da shekaru masu bincike suna cewa a shuka auduga da wuri, cikin watan Yuni, ita kaɗai a gona, a sa taki, a yi feshi. A gonar gwaji abin ya yi kyau ƙwarai. Manoma kuwa suka ci gaba da shukarta a makare, har aka riƙa cewa taurin kai ne da jahilci. Sai daga wajen 1965 wani masani Bature, David Norman, da abokan aikinsa a Samaru suka shiga ƙauyukan Zariya suna rubuta aikin da kowane gida yake yi rana-rana. Abin da suka tarar shi ne abin da kowane ɗayanku ya sani tun yana yaro: Yuni da Yuli lokacin noman gero da dawa ne, hannu ba ya isa, kuma magidanci ba zai bar abincin iyalinsa cikin ciyawa ya tafi hidimar auduga ba. Feshin kuma yana bukatar ruwa mai yawa, ga gona nesa da rijiya. Har wa yau suka gano haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wanda a dā ake ganinsa ƙauyanci, dabara ce mai riba, mai kuma tsare mutum daga hasarar shekara ɗungum. Ashe ba manomi ne bai gane ba, tambayarsa ce ba a yi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

A Amurka, inda aka fara ɗora wa jami'o'i aikin malaman gona da doka a 1914, sun daɗe da sanin haka. A waɗansu jihohinsu, kamar Kansas, mutanen gunduma ne suke zaɓen 'yan majalisar da za ta tsara aikin malamin gonarsu, kuma kowa da wa'adinsa. Jami'ar Kansas ɗin nan ce ma ta aiko da malamai suka taimaka wajen kafa tsangayar gona a Samaru bayan samun mulkin kai. A wurinmu ba a saba yin ƙuri'a a kan wannan ba. Baƙo yakan zo ya yi gaisuwa ne, ya ce a ba shi mutane. Watau abin da jama'ar gunduma suke yi a can, a nan amana ce a wuyan hakimi da dagaci da mai unguwa.

To, wa ya kamata a rubuta?

Na farko dai, wanda yake zuwa gona da ƙafarsa. Na sha ganin takardar sunaye a ofisoshi dabam-dabam, in ka duba sai ka tarar da bafade, da ɗan'uwan mai gari, da attajirin da yake zaune a birni yana aiko da kuɗin ƙwadago. Dukansu mutanen kirki ne, ba na musu. Amma in malamin jami'a ya tambaye su ko sabon irin dawa ya yi ƙwari a ƙasa mai ƙuduji, ko tsuntsu ya fi cinsa, ko matan gida sun yaba tuwonsa, ba su da amsa, sai su ce madalla. Shi kuwa ya rubuta madalla ya koma da ita, a buga a rahoto, baɗi a kawo irin da yawa, ya ƙare a kasuwa ana aunawa a kwano. Dalilin da yake sa a cusa irin waɗannan sunaye sananne ne: ana tsammanin kwamitin wurin rabon taki ne. Lalle ku faɗa wa jama'a tun da wuri cewa ba haka ba ne. Wanda ya shiga don buhu, ranar da bai ga buhu ba ya daina zuwa.

Sa'an nan a tuna ƙasar nan ba iri ɗaya ba ce. Mai noman shinkafa da tumatir a bakin ruwan Tiga, wajen Ruwan Kanya ko Bunkure, damuwarsa rabon ruwa ne da tsutsa da faɗuwar kasuwa. Mai gonar tudu a Kibiya damuwarsa ƙarfin ƙasa ne da ɗaukewar ruwan sama. In aka cika kwamiti da masu noman rani domin su ne masu hali, to, an rufe bakin mafi yawan talakawanku. Kada kuma a ƙi mai ƙaramar gona. Abin da ya yi aiki a wurin mai garmar shanu da kuɗin taki buhu goma, ba lalle ne ya yi a wurin mai fartanya ba, kuma masu fartanya sun fi yawa.

Maganar mata tana bukatar a tsaya a kanta kaɗan, don na san takan zo da nauyi. Su ne masu matsar man gyaɗa da yin ƙuli-ƙuli, su ne masu turara shinkafa, yawancin awaki da kajin gida nasu ne. In an kawo sabon irin gyaɗa, mace ce za ta faɗa maka ko yana da mai. In zama tare da maza ba zai yiwu ba, a shirya musu nasu zaman tare da malamar gona, a kuma shigar da abin da suka faɗa cikin littafi ɗaya da na maza. Haka kuma a ba ardo ko wakilinsa wuri, gama shawarar da ta shafi harawa da karan dawa da burtali, in an yanke ta ba da makiyayi ba, a gaban hakimi za ta dawo da kaka ta zama ƙara. Mai sayar da maganin feshi kuwa a ji ta bakinsa, amma kada a ba shi jagorancin kwamiti, domin yana da kayan da yake son su shige.

Yanzu sai shugabanci, kuma ina roƙon gafara a kan abin da zan faɗa. Shawarata ita ce kada hakimi ya shugabanci kwamitin da kansa. Ya zama uba, ya buɗe zaman farko, ya sa albarka, ya tashi. Ba talakan da zai ga ubangidansa ya yaba wa baƙo sa'an nan shi ya ce irin nan bai yi ba. Abin da za a ji kawai shi ne "Allah ya ba ka nasara", a watse. Inda akwai Sarkin Noma wanda har yanzu yake noma, shi ya fi cancanta. Inda sarautar ta zama ta gado kawai, a bar 'yan kwamiti su fid da wanda suka yarda da shi, a kawo wa hakimi ya tabbatar. A kuma yanka wa'adi tun ranar naɗi, ko damina biyu ko uku, don sauke mutum ba tare da wa'adi ba yakan zama gaba.

Ku malamai, aikinku ya fi yadda kuke zato. A buɗe littafi na musamman. A rubuta ranar zama, da waɗanda suka zo, da sunan iri kamar yadda yake a jikin buhu, da ranar shuka, da abin da aka auna a girbi. In manomi ya ce abin bai yi ba, a rubuta yadda ya faɗa, kada a gyara masa don a faranta wa baƙo rai. In aka ga baƙuwar cuta, a aika ofishin shiyya a ranar, kada a jira zaman wata. Dattawanku suna tuna kuturun gyaɗa na 1975 wanda ya karya noman gyaɗa a ƙasar Kano, matasa kuma sun ga yadda tsutsar nan da ake kira sharon ta cinye tumatir a Kadawa da kewayenta a 2016. A irin wannan, kwana uku ma ba kaɗan ba ne.

Saura abin da ku za ku nema daga baƙon. Masu zuwa iri-iri ne. Akwai masu bincike, akwai ma'aikatan ƙungiyar Sasakawa wadda ta fara aiki a Nijeriya a 1992, akwai kuma malaman gona da suka koma jami'a ƙaro ilimi, waɗanda tilas ne su yi wani aiki tare da manoma kafin a ba su digiri. Kowannensu ya zo, bayan gaisuwa a tambaye shi sunan shugaban da aikin yake wuyansa, da inda za a same shi. A tambaye shi in gwajin ya lalace wa zai ɗauki hasarar mai gona, a kuma rubuta amsar a gaban shaidu. Gonar gwaji kuwa a zaɓe ta a bakin hanya inda masu zuwa kasuwa za su gani, gani ya kori ji, amma kada a ba da gonar da ta fi kowace taki a garin, don in ta yi kyau mutane za su ce ai ƙasar ce.

Daga ƙarshe a sa masa ranar da zai dawo bayan girbi ya faɗa wa kwamiti abin da ya samu, da Hausa, kuma a shigar da ranar cikin littafi. In ranar ta wuce bai zo ba, malamin hakimi ya rubuta wa ofishin shiyya takardar tuni, ya ajiye kwafi ɗaya.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gida lafiya.