Ciwon fuska, giya da taba

Yau hirarmu ta lafiya ta kai mu Madarunfa, garin tabki, kudu da Maraɗi. Ku matso kusa, ku kasa kunne.

Akwai wani ciwon fatar fuska da likitoci ke kira rozase. Yana kama kumatu, da hanci, da goshi, da haɓa. Fuska ta ɗau zafi, tana raɗaɗi kamar an shafa barkono. Ƙuraje su fito. Wani ya ji kamar yashi cikin ido. In ciwon ya daɗe, hanci yakan yi kauri ya kumbura, musamman ga maza. Ga farar fata, ja ake gani. Ga baƙar fata irin tamu, jan ba ya fita sosai, wurin sai ya ƙara duhu. Shi ya sa akan ɗauke shi ƙurajen samartaka, alhali ya fi kama wanda ya wuce shekara 30.

To, mene ne haɗinsa da giya? A ƙasar Amurka, masu bincike sun bi lafiyar mata masu aikin jinya fiye da 80,000, daga 1991 zuwa 2005. Sun ba da sakamako a 2017. Masu shan giya sun fi kamuwa da ciwon, kuma yawan sha, yawan haɗari. Giya tana buɗe ƙananan hanyoyin jini na fuska, jini ya taru, zafi ya tashi.

Amma ku ji wannan da kyau. Wanda bai taɓa kai giya bakinsa ba, shi ma yana iya kamuwa. Wani ma gado ya yi. In ka ga maƙwabcinka da kumburarren hanci, kada ka ce mashayi ne. Ƙazafi ne, ka ɗau alhakinsa. Irin wannan magana tana sa mutum kunya, ya ɓuya a gida, ya ƙi zuwa asibiti.

Sai maganar taba. A nan abin da aka gano da ban mamaki. Masu shan sigari ba su kamu kamar waɗanda ba su taɓa sha ba. Waɗanda suka sha suka bari kuwa, su suka fi kamuwa. Likitoci na ganin taba tana matse hanyoyin jini ne, ciwon ya kwanta ƙasa.

Kada wani ya ce ashe taba magani ce. Ko kusa! Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara, ta hanyar ciwon zuciya, da sankarar huhu, da sauransu. Ƙasarmu Nijar ta kafa dokar yaƙi da taba tun 2006. Mai sha, ka bari: fuska tana da magani, rai ba ya dawowa. Wanda bai fara ba, kada ya fara.

Mai wannan ciwo, ga abin da za ka kiyaye. Rana da zafi suna tayar da shi. Masunci a kan tabki, manomi a gona, ku sa malfa. Uwargida, ki rage kusantar murhu in da hali. Shayi ya ɗan huce kafin a sha. A rage yaji. A wanke fuska da ruwa mai tsabta, ba dirza. Kada a shafa man hasken fata na kasuwa: da yawa akwai kortizon a ciki, yana ƙara wa ciwon ƙarfi.

Rozase ba kuturta ba ce, kuma ba a ɗaukarta wurin wani. Ku ci tare, ku yi salla sahu ɗaya. Je ka asibitin gundumar Madarunfa, ko ɗakin shan magani mafi kusa. Magani ba ya tuge ciwon gaba ɗaya, amma yana kwantar da shi. In ido ya shiga ciki, kada ka jira.

Ga tambaya 2, ku tattauna da malaminku a aji. Ta farko: duk mai wannan ciwo mashayi ne? Ta biyu: taba magani ce? Kowa ya rubuta amsarsa da hannunsa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu lafiya.