Tsibiri da Sabon Birni: Yadda Iyaka Ta Raba Labarin Mishan a Ƙasar Gobir

An ɗora mini nauyin magana a kan aikin 'yan mishan da makarantun Littafi Mai Tsarki da kafa majami'u a duniya. Duniya da faɗi take, don haka zan tsaya a ƙofar gida, in leƙa waje idan bukata ta kama.

Daga Gatawa a nan Nijeriya zuwa Tsibirin Gobir a Nijar tafiyar 'yan sa'o'i ce. Tsagar fuska ɗaya, harshe ɗaya, auratayya ba ta yanke ba. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawa suka kafa Tsibiri, daga baya Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Da Ingila da Faransa suka gama ja-in-jar iyaka a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, sai Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa hannun Ingila. Wannan layin da kakanninmu ba su shata ba shi ya yanke wa kowane ɓangare irin haɗuwar da zai yi da mishan.

A namu ɓangaren na Ingila ƙofar a rufe take. A 1900 Bishof Tugwell da Likita Walter Miller na ƙungiyar CMS suka isa Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. A watan Maris na 1903 Gwamna Lugga ya tsaya a Sakkwato ya yi alkawarin cewa gwamnati ba za ta sa hannu a addinin jama'a ba, kuma razdanoni suka riƙe wannan alkawari a matsayin hujjar hana 'yan mishan zama a masarautun Musulmi. Ba son Musulunci ya sa su haka ba. Mulkinsu a kan sarakuna ya jingina, ba su son abin da zai girgiza shi. Miller ya samu zama a birnin Zariya daga 1905, amma daga baya aka mayar da aikinsa Wusasa, bayan ganuwa.

Ƙungiyar da ta fi shafar ƙasarmu ita ce SIM. Samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas a 1893 da nufin shigowa ƙasar Sudan, wato wannan shimfiɗar tamu ta kudu da Sahara. Kafin shekara ta zagayo biyu sun rasu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma Kanada da zazzaɓi, bai haƙura ba, har aka kafa tashar farko a Patigi a 1902. Da suka ga Arewa ta ƙi buɗuwa, sai suka zagaya ta ƙasar Faransa: Damagaram a 1924, Tsibiri kusa da Maradi a 1927. Su ma Faransawa ba da farin ciki suka karɓe su ba, domin masu Ingilishi ne kuma ba Katolika ba, har a lokacin yaƙin duniya na biyu aka sa musu ido ana zargin 'yan leƙen asirin Ingila ne. Duk da haka suka zauna. Malama Barbara Cooper ta rubuta littafi guda a kan wannan tarihi na Maradi, ya fito a 2006.

Mu kuwa ta ƙofar jinya suka shigo mana. A ƙarshen shekarun 1930 gwamnati ta miƙa wa SIM kula da sansanonin masu cutar kuturta: Amanawa kusa da Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina, Yadakunya a Kano. A ƙetaren iyaka aka buɗe asibitin Galmi a 1950, sannan na Danja kusa da Maradi. Ina roƙon mu dakata a nan kaɗan. Mutumin da danginsa suka ware masa ƙwarya da tabarma, ya je inda aka wanke masa miki da hannu, aka koya masa karatu, me zai hana zuciyarsa ta karkata? Wasu sun karɓi baftisma, da yawa sun karɓi magani sun koma gida da sallarsu. Ni Musulmi ne, jikan malamai, kuma idan na karanta wannan babi abin da ke damuna shi ne cewa mun bar marasa lafiyarmu har sai da baƙo ya zo daga wata uwa duniya ya ɗauke su. An kuma yi kuskure ta ɗaya ɓangaren, wurin da aka haɗa magani da wa'azi ga wanda ba shi da ƙarfin cewa a'a. Dukkan biyun sun faru.

Sai maganar harshe, wadda a ganina ita ce gadon da ya fi daɗewa. Tun kafin Miller, wani Bajamushe mai suna Schön ya fassara Linjilar Matiyu zuwa Hausa a 1857, kuma wanda ya zauna da shi yana gyara masa baki yaro ne daga ƙasar Damagaram, Dorugu, wanda matafiyi Barth ya tafi da shi Turai. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Duk wanda ya buɗe shi zai ga Allah, Attaura, Zabura, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, gafara. Kalmomin nan a zaurukan malamanmu aka raine su ɗaruruwan shekaru, masu fassara ba su da wani rumbun da za su ɗiba sai shi. Inda suka yi dogon tunani shi ne sunan Annabi Isa, suka tsaya a kan Yesu don a bambanta aƙida. Shi ya sa Bagobiri Kirista da Bagobiri Musulmi za su yi hira a kan tuba da lahira kowa yana jin ɗan'uwansa sarai, kuma kowa ya san daidai inda suka rabu. A wurare da yawa na duniya babu wannan damar.

Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tsibiri, kamar ta Kagoro a kudancin Kaduna, da Hausa take koyarwa. Manufarta ta fitar da mai bishara wanda zai koma ƙauye ya yi noma da damina, ya tara mutane ƙarƙashin rumfar kara ranar Lahadi, ba ya jiran albashi daga waje. Tunanin tsoho ne. Henry Venn na CMS ya daɗe da cewa ikilisiya ta riƙe kanta, ta mulki kanta, ta yaɗa kanta, kuma a kan wannan aka naɗa Samuel Ajayi Crowther bishof a 1864. Amma SIM ta yi jinkirin buɗe makarantun boko na sosai, tana tsoron kada yaran su zama akawu su bar bishara. Kiristocin Maradi sun ji zafin wannan, domin a ƙasar da Faransanci ne mabuɗin aiki, an ba 'ya'yansu Hausa kaɗai. Su da kansu suka matsa sai da aka sauya. Daga irin wannan gwagwarmaya ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafafunta a Nijeriya a 1954, takwararta EERN ta biyo baya a Nijar, kuma tun ƙarshen shekarun 1940 'yan ƙasa suka kafa ƙungiyarsu ta tura masu bishara, wadda ake kira EMS yanzu. Haka abin ya juya a ko'ina. A taron mishan na Edinbura a 1910 kusan duka mahalarta Turawa ne, yau kuwa Koriya ta Kudu da Brazil da Nijeriya suna cikin manyan masu turawa.

Akwai wani labari da manomanmu za su fi kowa ganewa. A farkon shekarun 1980 SIM tana da wani ma'aikacin gona a Maradi, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya. Ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa, iska da fari da awaki suna cinye su. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa a gonaki kututtura ne masu rai, saiwarsu na can ƙasa. Sai aka fara zaɓar tohon da ya fi ƙarfi a bar shi, a rage sauran. Yunwar 1984 ta sa manoma da yawa suka gwada, daga nan suka riƙa koya wa juna. Masu bincike sun ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar. Fastoci suna cewa "dasa ikilisiya", kuma na lura majami'un da suka rayu a ƙasar Hausa su ne waɗanda suka tsiro a kan saiwar da suka tarar: harshen mutane, zumuncinsu, da dattawa 'yan gari.

Ba zan ɓoye raunukan ba. A watan Nuwamba na 2000 an kai wa majami'a hari a Maradi, a watan Janairu na 2015 kuma aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai. Waɗanda suka yi asara Hausawa ne da Zabarmawa, maƙwabtan waɗanda suka riƙe ashanar. Mu kuma a nan, tun wajen 2019 'yan bindiga sun kori dubban mutanen Sabon Birni da Isa zuwa yankin Gidan Rumji, ba su tambayi kowa alƙiblarsa ba.

Wannan gudun hijira yana cinye tarihin da nake ba ku. Rahotannin razdanoni suna gidan adana takardu na Kaduna, wasiƙun 'yan mishan na SIM suna Amurka, amma abin da tsohuwar da ta yi jinya a Amanawa ta gani, da abin da ɗalibin Tsibiri na farko ya faɗa wa jikokinsa, yana cikin kawunan mutanen da yanzu ke kwana a gidajen aro. Ina roƙon ɗalibanmu na tarihi, Musulmi da Kirista, su tafi bibbiyu da wayar hannu, su fara da dattawan Gatawa da Isa da suka haura shekara 80, su ɗauki muryarsu da Gobiranci yadda suka faɗa, a ajiye kwafi ɗaya a gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, ɗaya a Maradi.