Markaɗen Ganye: Yadda Na Fara da Abin da Na Koya



Mai girma shugaban taro, shugaban makaranta, iyayenmu malamai na da da na yanzu, shugabannin ƙungiya, yayyenmu da ƙannenmu, da ku 'yan ajinmu, ina yi muku barka da zuwa. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Ran da sakataren ƙungiya ya bugo mini waya ya ce an ware mini minti ashirin, na zaci a kan aikin gwamnati za a ce in yi magana, ko batun ƙarin girma, ko na fansho. Sai ya ce a'a, kwamiti ya sami labarin koren ruwan nan da nake zuwa da shi ofis a cikin gora, shi ake so in yi bayani. Na san wanda ya kai gulmar. Yana zaune a layi na uku, ba zan kama suna ba.

Kafin in shiga bayani, bari in faɗi abin da ya kai ni. Kowa a nan ya tuna addu'ar da muka yi bara ga ɗan ajinmu da ya yanke jiki ya faɗi a wurin aikinsa, bai kwana biyu ba Allah Ya karɓi abinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya raya abin da ya bari. Bai kai shekara arba'in ba. A wurin zaman makoki na ji 'yan uwansa suna cewa hawan jini ne, kuma shi kansa bai san yana da shi ba. Kwana uku da dawowata na tafi asibiti na ce a auna ni. Awo ya nuna 158 bisa 98. Likita ya ce in dawo bayan mako guda, na dawo, bai sauka ba. Ya ce duk wanda awonsa ya zauna a 140 bisa 90 ko sama, to, yana da hawan jini, ko da kuwa ba ya jin ko ciwon kai.

Sai ya ce in faɗa masa abin da na ci jiya. Na ce shayi da burodi da ƙwai da safe, shinkafa da miya da lemon kwalba a ofis, tuwo da dare, sannan na tsaya wurin mai tsire a hanya. Ya ce ganye fa? Na ce ai akwai albasa da kabeji a kan tsiren. Ni kaɗai na yi dariya. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itace kowace rana, kuma dankali da rogo ba sa cikin lissafin. Gishiri kuwa kada ya kai giram 5. Ya rubuta mini magani, ya ce in rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, in riƙa tafiyar ƙasa, in ci ganye.

Magani ba wuya, a haɗiya da ruwa. Tafiya ma na fara bayan sallar asuba. Ganyen ne ya gagare ni, domin mutumin da ke fita ƙarfe bakwai ya dawo bayan la'asar, yaushe zai zauna cin kwaɗo? Wata abokiyar aikina ce ta ce in gwada markaɗa shi in sha. Turawa suna kiran abin da sunan sumuti, a gidana kuwa yara sun sa masa suna kunun akuya. Ba wani abu ba ne illa ganye da 'ya'yan itace da ruwa ko kindirmo, a markaɗa su tare a bilenda, a sha ba tare da an tace ba. Ita bilendar wani mutum ne mai suna Stephen Poplawski ya ƙirƙiro ta a Amurka a 1922, koren markaɗen kuwa wata 'yar asalin Rasha mazauniyar Amurka, Victoria Boutenko, ita ta yaɗa shi da littafinta na 2005. Amma da na duba sai na ga ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ya tashi da fura da nono, da kunun aya, da kwalba da nono, ba sai an koya masa shan abinci a moɗa ba. Ganyen ne kawai ƙari.

Ranar farko na yi abin da ɗalibin da bai karanta umarnin jarrabawa ba yake yi. Akwai bishiyar zogale a tsakar gidanmu. Na tsinko ganye cike da kwano, ɗanye shar, na zuba ruwa, na markaɗa, na toshe hanci na shanye. Ga ɗaci, ga wani yaji mai hawa kai. Ranar muna da taro da babban sakatare ƙarfe goma. Sau uku ina neman izinin fita, har ya tambayi darakta ko lafiya. Daga nan na gane cewa ciki ma sai an bi shi a hankali.

Ga yadda nake ba wa mai farawa shawara yanzu. Ka sami ayaba ɗaya wadda ta nuna sosai, da yankan gwanda ko mangwaro kamar tafin hannu, da ganye cikin hannu ɗaya, da ruwa mai sanyi ko kindirmo kofi ɗaya da rabi. Ma'aunin da ita Boutenko ta bayar shi ne kashi 60 'ya'yan itace, kashi 40 ganye, amma ni ina ganin mai farawa ya sa ganyen ƙasa da haka, ya riƙa ƙarawa mako-mako. Ka fara da ganye marar ɗaci, kamar latas ko alayyafo mai taushi, a cire jijiyar. Zogale in busasshe ne, ƙaramin cokali ɗaya na garinsa ya isa. Fara zuba ruwan da ganyen kaɗai ka markaɗa har ka daina ganin ɓurɓushi, sannan ka zuba 'ya'yan itacen. In ka zuba duka lokaci ɗaya za ka riƙa tsintar ganye a haƙori har azahar. Ayaba ita ce uwar tafiya, ita ke ba shi kauri, ita ke rufe warin ganye. In zaƙi bai yi maka ba, jiƙa dabino biyu ka cire ƙwallon ka jefa, kada ka sa sukari. 'Yar citta da matsin lemon tsami suna gyara shi ƙwarai.

Dalilin da ya sa na ce kada a tace shi ne, tuƙar nan da ake zubarwa ita ce rabin amfanin. Ita ke sa bayan gida ya yi sauƙi, ita ke sa mutum ya daɗe bai ji yunwa ba. In ka tace, ruwan zaƙi kawai ka sha. Lemon tsamin kuma ba don ɗanɗano kaɗai ba ne. Malamarmu ta kimiyyar halittu tana nan zaune, ta koya mana wannan a aji huɗu, mu ne ba mu saurara ba: bitamin C yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe da ke cikin ganye, wanda ake bukata wajen yin jini, shayi kuwa yana rage ɗaukarsa. Saboda haka kada a kora markaɗen da shayi, a ba su tazara. Malama, kin ga karatun bai ɓata ba, jinkiri kawai ya yi.

Akwai wani kuskure da ya ci mini kindirmo kusan sau uku kafin in gane bakin zaren. In ka haɗa ɗanyar abarba ko gwanda da kindirmo ka ajiye, bayan ɗan lokaci sai ya yi ɗaci. Ashe akwai wani sinadari a cikinsu da ke narkar da furotin ɗin madara, irin wanda ke sa nama ya yi laushi in an naɗe shi da ganyen gwanda. Don haka in da abarba ko gwanda da kindirmo, a sha nan take. In na gora ne da za a tafi da shi ofis, a yi da ruwa, a matsa lemon tsami, a sa ƙanƙara, kuma kada ya wuce hantsi. Ni ba na barin ya kwana, domin firjin da wuta ke zuwa masa tana tafiya ba abin dogaro ba ne.

Yanzu na zo kan abin da na fi so a riƙe, wato tsabta. Iyayenmu da suke dafa ganye har ya yi laushi ba jahilci ne ya sa su ba. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta. Mu da za mu sha ɗanye mun cire wannan kariya, dole mu maye gurbinta da wata. Kowa ya san yadda ake shayar da wasu lambunan gefen birni da ruwan kwata a lokacin rani, kuma ta irin wannan hanya taifot da kwalara da tsutsar ciki suke shiga gida. Ni dai ga abin da nake yi: in ware ganyen ɗaya bayan ɗaya, in wanke da ruwa mai tsabta sau uku, in jiƙa shi a ruwan gishiri ko na binega kamar minti goma, in sake ɗauraye shi da ruwan sha. Wannan yana rage hatsari, bai kawar da shi gaba ɗaya ba. Shi ya sa in ban san lambun da ganye ya fito ba, sai in tsoma shi a tafasasshen ruwa minti ɗaya ko biyu, in tsame, in bar shi ya huce. An yi asarar ɗan bitamin, amma an kwana lafiya. In da ƙananan yara ko mai ciki ko tsoho a cikin masu sha, haka nake yi kullum. Nono ma a tabbata an tafasa madarar kafin a yi kindirmon, kuma ruwan da ƙanƙarar su zama na sha. Ita kanta bilendar a kwance gindinta a wanke, don a ƙarƙashin wuƙar datti ke maƙalewa. In da hali a ware mata kofi daban da na markaɗen attaruhu. Na taɓa shan ayaba mai yajin attaruhu, ba na yi wa kowa fata.

Ba kowane ganye ake sha ɗanye ba. Ganyen rogo ɗanye yana da guba, sai an dafa shi sosai. Saiwa da ɓawon zogale ba su da wuri a wannan haɗin, musamman ga mai ciki. Alayyafo yana da wani sinadari da ake kira okzalet, wanda kan haɗu ya zama tsakuwa a ƙoda ga masu saurin kamuwa, don haka wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda kada ya mai da shi abin shan kullum; sauran mu ma a riƙa sauya ganye. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likita tukuna, saboda ayaba da ganye suna da fotashiyam da yawa, ƙodar da ta gaji ba ta iya fitar da shi. Wanda ke shan maganin tsinka jini irin su wafarin, bitamin K da ke cikin ganye yana rage ƙarfin maganin, kada ya ƙara ganye kwatsam ba da sanin likitansa ba. Mai ciwon suga kuwa ya sani ayaba da mangwaro da dabino duk zaƙi ne. Ya rage su, ya ƙara gurji da fiya, ya auna jininsa ya ga yadda jikinsa ya karɓa.

Wani zai ce abin na masu albashi mai tsoka ne. Ni ma'aikacin gwamnati ne, kun san abin da wannan ke nufi daga ranar ashirin ga wata. Dabarar ita ce a bi lokaci. Da sanyin hunturu latas da kabeji da karas sun yi araha. Da bazara mangwaro har zubar da shi ake yi. Da damina zogale ya yi yabanya, a tsinka a shanya a inuwa, ba a rana ba, a daka a ajiye. Garin 'ya'yan kuka da muke tsotsa a bayan ɗakin kwana, Tarayyar Turai ta amince a sayar da shi a kasuwanninta tun 2008, can cikin kwalba mai tsada ake sayensa. Cokali ɗaya a cikin markaɗe yana ba shi tsami mai daɗi. Tufa da sauran kayan da ake shigowa da su daga waje, ba na sayensu don wannan. Kuɗin lemon kwalbar da na daina sha a ofis shi ke sayen ayabar. Daga baya ma na yi kwami biyu a bayan gida na shuka latas da alayyafo. Malaminmu na aikin gona, wanda ya sha sa ni ban ruwan lambun makaranta a matsayin horo, ina fata ya ji wannan ya yafe mini gunagunin da na yi masa.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce a bar miyar ganye. Akwai abin da jiki ya fi ɗauka daga ganye in an dafa shi da ɗan mai. Matsalarmu ita ce daɗewar tukunya a wuta da yawan kanwa, su ke lalata wasu bitamin. Haka kuma za ku ji masu cewa koren markaɗe yana wanke jini, yana fitar da guba, yana maganin kansa. Ban yarda da wannan ba. Hanta da ƙoda su ne masu aikin wanki a jiki, kuma duk wanda ya ce ka ajiye maganin asibiti ka koma shan ganye, ba masoyinka ba ne. Awona na ƙarshe ya nuna 128 bisa 82, alhamdu lillahi, amma ina shan ƙwayata kowace safiya, ina tafiya, na rage gishiri. Markaɗen ɗaya ne cikin huɗu, kuma amfaninsa a wurina shi ne ya sa na ci abin da da ba na ci.

Shugaba, na ga kana duban agogo. Uwargida ta haɗo kula biyu suna can bakin ƙofa: ɗaya ayaba da latas da kindirmo, ɗaya mangwaro da zogale da citta, kuma duk ganyen daga bayan gidana ya fito. Kusa da su akwai ɗan ajinmu likita da na roƙa ya zo da abin awon jini, ya ce ba zai karɓi ko kwabo ba. Ina roƙon a fara tsayawa wurinsa kafin a ɗauki kofi, malamanmu su ne a gaba.