Haƙuri Kamar Adashi Ne, Kullum Ake Zubi

 

Babu maganar da kunnen ɗan Nijar ya saba da ita kamar "a yi haƙuri". An faɗa wa ma'aikaci ita a shekarun 1990, sa'ad da albashi ke yin wata da watanni bai fito ba. An faɗa wa ɗan kasuwa a Janairun 1994, da aka karya darajar sefa, faran guda na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. An maimaita ta a 2019, da Nijeriya ta rufe iyakarta, motocin kaya suka yi cirko-cirko tsakanin Maraɗi da Katsina. Shi ya sa wasu suka ɗauki haƙuri tamkar mutuwar zuciya. Alhali mai mutuwar zuciya ya bar haƙƙinsa ne, mai haƙuri kuwa yana bin nasa, sai dai bai miƙa wa fushi linzami ba.

Irin wannan haƙuri ba a samunsa ranar da masifa ta sauka. Kaɗan-kaɗan ake tara shi, kamar adashi, kuma zubinsa uku ne a yini.

Da safe, kafin ka buɗe kanti ko biro, tambayi kanka inda fushi zai tare ka yau: wurin wanda kake bi bashi yana ɓuya, ko layin banki, ko takardar da ta kwana bisa teburin shugaba? Ramin da ka hango, da wuya ka faɗa cikinsa.

Da rana, in magana ta ɓata maka rai, kada ka mai da amsa sai ka yi sallar da ke gabanka. In kuwa takardar sa hannu ce ko babban ciniki, bari su kwana.

Da dare, yadda kake lissafin cinikin yini, yi wa zuciyarka lissafi: sau nawa ka danne ta, sau nawa ta kubce maka? In an faɗi yau, gobe a sake. Ba a rufe kanti don faɗuwar yini guda.

Masu mulki kuma su sani, haƙurin talaka bashi ne a wuyansu, bashi kuwa biyansa ake.

Allah ya sa mu cikin mahaƙurta, don mahaƙurci mawadaci ne.