Yaron Agege da Manufar Ilimi ta Ƙasa



Nijeriya ba ta taɓa rasa tsarin ilimi a takarda ba. An fitar da Manufar Ilimi ta Ƙasa a 1977, aka yi mata gyare-gyare a 1981 da 1998 da 2004, dokar UBE ta 2004 kuma ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne, tilas ne. Magana ɗaya zan ɗauka daga ciki, ita ce ta harshe. Manufar ta ce a shekaru uku na farkon firamare a koyar da yaro da harshen uwa, ko da harshen jama'ar da yake zaune a cikinsu.

A Kano ko Katsina, duk Hausa ke nan. To, a Agege da ke Legas fa? Cinikin goro da jirgin ƙasa suka kawo kakanninmu nan. Jikansu na yau Hausa yake yi a gida, Yarbanci a kasuwa, ya yi Larabci a Islamiyya da yamma, da safe kuma malama ta tare shi da Turanci. Wanda ya rubuta wannan sashe bai hango wannan yaro ba.

Jihar Legas ta yi dokarta a 2018, zamanin Gwamna Ambode, ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu. Ni ban ga laifinsu ba. Hasali ma ɗansu ne, Farfesa Babs Fafunwa, ya fara gwaji a Ife a 1970, aka koyar da yara shekara shida da Yarbanci, suka fito ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turanci. Sun yi wa nasu harshen gata.

Ita kuwa gwamnatin tarayya, yau fari gobe baƙi. A 2022, lokacin Minista Adamu Adamu, aka amince a yi firamare gaba ɗaya da harshen uwa. A Nuwamban 2025 Minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan tsari, aka koma Turanci. Shekara uku kacal! Ko yaran da suka shiga aji ɗaya a lokacin ba su gama firamare ba. Hukumar NERDC tana iya tsara manhaja, amma malami ne ke shiga aji da ita, shi kuwa horar da malami mai takardar NCE shekara uku yake ci.

Nan ne aikin ya dawo kanmu. Ko gobe Legas ta ce za ta koyar da Hausa a firamaren Agege, ina malaman? Yara nawa muka tura kwalejin ilimi? Islamiyyunmu kuwa a hannunmu suke, babu mai hana mu ware awa biyu a mako a koya wa yaro karanta Hausa da lissafi da harshen da ya fi ji. Sannan makarantun gwamnati suna da kwamitin gudanarwa da ke ba iyaye kujera. Alhazai, idan aka kira zaman, don Allah kada a aika yaron shago, maigida ya je da kansa.